Ruwan hanta a kasuwar Zhongda

Bandir ashirin na yadin mayafi ne suka zaunar da ni a gaban allo, da gemuna, ina maimaita "ja, fari, baƙi" da Sinanci kamar ɗan aji ɗaya.

Wata Hajiya ce da ta daɗe tana sayen kaya a shagon kawuna a Kantin Kwari za ta aurar da autarta, ta ce anko take so ruwan hanta. Kawu ya kira ni, lokacin ban fi wata biyu da sauka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba, ya ce in nemo in saka a jirgi, biki saura sati biyar. Na faɗa wa tafinta da ɗan Turancin da nake da shi, shi kuma ya faɗa wa mai shago da Sinanci a waya, ina gefe ina gyaɗa kai kamar ina jin abin da ake cewa. Aka turo hoton samfur ta WeChat, a fuskar wayata ya yi duhu daidai yadda nake so, na ce a yanka. Da kaya suka isa Kano aka kwance, sai ga ja wur, irin na tutar ƙasar Sin. An ce Hajiya ta ɗaga gefen yadin da yatsu biyu ta ce, "Alhaji, biki zan yi ko gobara zan kashe?"

Kawu bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ɗan nan, ka tafi sari da bakin aro."

Bayan sati biyu na yi rajista a wani ɗan ajin dare a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi taruwa, a saman wani dogon gini da ƙasansa duk shagunan waya ne da ofisoshin masu aika kaya. Mu tara ne. Akwai 'yan Mali biyu, da ɗan Gini, da wani dattijo ɗan Yaman, da wata 'yar Kongo mai sarin gashin kanti, sauran kuma mu ne 'yan Najeriya. Kwana uku a sati, bayan magariba. Malamar wata siririyar mata ce mai tabarau, muna kiranta lǎoshī, wato malama, domin a can ma ba a kiran malami da sunansa gatsal.

Sati ukun farko sun tafi a kan pinyin, rubutun boko na Sinanci da gwamnatinsu ta tabbatar a 1958. Haruffan namu ne, amma karatun ba namu ba ne. In ka ga q, kusan "c" ɗinmu za ka furta, don haka qīng kusan "cing" ne. In ka ga x, ɗan'uwan "sh" ne. Huī kuwa "hwei" ake cewa. Na ƙosa, domin ni abin da ya kawo ni launi ne, amma malama ta ce wanda ya tsallake wannan mataki zai shekara goma yana magana ba wanda ke gane shi sai matarsa.

Ranar launuka ta shigo da kwalin alli mai kala. Ta rubuta yánsè a saman allo, wato launi, sannan ta jera guda shida, kowanne da allinsa: hóng ja, huáng ruwan ɗorawa, lán shuɗi, lǜ kore, bái fari, hēi baƙi. Baƙin ne kawai ta rubuta a farar takarda ta manna, saboda allon ma baƙi ne.

Sai aka shiga karin sauti. Sinancin da ake koyarwa yana da kari huɗu manya: na farko murya ta tsaya a sama a miƙe, na biyu ta hau, na uku ta nutse ƙasa, na huɗu ta faɗo daga sama. Dattijon Yaman ya sha wuya ƙwarai, don shi a kunnensa duk ɗaya ne. Ni kuwa na shiga da ɗan girman kai, domin Bahaushe ba baƙon wannan abu ba ne. Ba sai an koya mana bambancin baƙin yadi da baƙin da suka sauka a gida ba, ko farar riga da farar da ke cinye gona. Kari na farko, na hēi, sautinmu ne na sama. Na huɗu, na lǜ da sè, shi ne wanda muke yi a "yau", ko in mun ce "kai!" muna hana yaro taɓa wuta. Waɗannan na kama su a daren farko.

Na biyun ne ya kayar da ni. Hausa tana da sautin sama, da na ƙasa, da mai faɗowa, amma ba ta da kalmar da murya ke hawa a cikin gaɓa guda. Kuma kamar da gangan, huɗu daga cikin launuka shidan nan duk a kansa suke: hóng, huáng, lán, bái. In na zo hawan sai muryata ta fara nutsewa tukuna, in koma kari na uku ban sani ba. Ga illar abin: bái fari ne, bǎi kuma ɗari. Lán shuɗi ne, lǎn malalaci, làn kuma ruɓaɓɓe. Na taɓa nuna wa wata mai shago farin yadi na ce shi nake so, sai ta janyo kalkuleta ta buga 100 ta juyo min da ita tana tambayar mita ɗari nake so ko yadi ɗari. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in riƙa faɗin kalmar kamar wanda aka gaya wa farashi bai yarda ba, yana maimaitawa da mamaki: "Dubu?" Da wannan muryar ta "dubu?" nake cewa bái har yau, girata ma tana ɗagawa.

Kore kuwa ba kari ne matsalarsa ba, wasali ne. Wannan u mai ɗigo biyu a ka, sai ka shirya harshenka kamar za ka ce "i", sannan ka tsuke leɓe kamar mai busa sarewa. In ka ce "lu" zalla a kari na huɗu, ka ce hanya. In ka dace da wasalin amma muryarka ta hau maimakon ta faɗo, ka ce jaki. Ɗan Gini ya tashi a aji da niyyar cewa yana son kore, sai ya sanar da mu cewa yana son jaki, malama ta juya wa allo fuska kafaɗunta suna rawa.

A darasi na biyu ne abin ya buɗe min. Kafin nan duk kalmar da aka bayar sai in rubuta Turancinta a gefe, kamar yadda littafin ya yi. Malama ta rubuta huīsè, ta ce huī shi ne abin da ke saura in itace ya gama ci, har ta nuna mana harafin wuta a cikin harafinsa, 灰. Sè kuma launi. Na dubi allo na ce a raina, ai wannan ruwan toka ne, kalma da kalma. Ta rubuta fěnhóng, ta ce fěn gari ne ko hodar da mata ke shafawa, hóng ja. Ruwan hoda ke nan! Ta ci gaba: kāfēisè launin kofi, chéngsè launin lemon zaƙi, mǐsè launin shinkafa, jīnsè zinariya, yínsè azurfa, tiānlán shuɗin sama, tǔhuáng rawayar ƙasa, cǎolǜ koren ciyawa. Ashe yadda muke yi su ma haka suke yi. Mu ma launukanmu na asali 'yan kaɗan ne, sauran sai mu kama wani abu da kowa ya sani mu sa masa "ruwan" a gaba: ruwan goro, ruwan zuma, ruwan ganye, ruwan ƙasa, ruwan madara. Su sai su kama abin su sa masa sè a baya. Daren nan na soke layin Turanci a littafina, na ja sabon layi na Hausa. Turancin nan da ma gada ce ta aro, kuma a kanta yadin Hajiya ya faɗa kogi.

Nahawun ma ya fi namu sassauci. Launi yana zuwa kafin suna, kamar "jar mota", amma ba ruwansa da mace ko namiji, ɗaya ko jam'i. Da malama ta tambaye mu yadda ake cewa fari a harsunanmu, na fara lissafa mata fari, fara, farare, farin gida, farar riga, sannan shuɗi, shuɗiya, shuɗɗa. Ta ce to me ya sa nake kuka da Sinanci? Ba ta taɓa jin sunan Hausa ba, sai da na gaya mata cewa gidan rediyon ƙasarta yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da ita a jami'a a Beijing. Abu ɗaya da ake tuntuɓe a kansa shi ne ƙaramar kalmar nan de. Ba a cewa "wannan hóng ne" kai tsaye, sai zhè shì hóngsè de, kamar ka ce "wannan mai ruwan ja ne". In kana zaɓe a shago kuma, wǒ yào lánsè de, ina son shuɗin. Da na ɗauki de a matsayin "mai" ko "na", sai na daina mantawa da ita.

Wani abin da ya ba ni daɗi shi ne su ma ba sa barin launi haka kawai in ya cika. Mu mukan ce ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Su kuma hóngtōngtōng, báihuāhuā, hēihūhū, lǜyóuyóu. Wannan na ƙarshen, yóu mai ne, wato kore mai maiƙo, irin na gonar masara bayan an yi ruwa kwana biyu a jere. Littafin 'yan koyo bai kawo su ba, ni na tambaya, bayan na gwada mata "baƙi wuluk" ta ce in sake faɗa.

Haruffa ban yi niyyar koyonsu ba, na ɗauka pinyin ya ishi ɗan kasuwa. Amma katin samfur ba da pinyin ake rubuta shi ba. Da na zauna da su sai na ga labarin sana'armu ne a ciki. Ja, 红, da kore, 绿, duk suna da alamar zaren siliki a gefen hagu, shunayya kuma, 紫, tana da ita a ƙasa, domin tun asali sunayen rinannen siliki ne. Shuɗi, 蓝, yana da alamar ciyawa a ka, saboda lán sunan tsiron da ake rini da shi ne kafin ya zama sunan launi, wato baban rininsu ke nan, irin wanda ake jiƙawa a marinar Ƙofar Mata. Daga nan malama ta kawo qīng, 青, launin da ke rikita baƙi. Ganyen miya qīng ne, sararin sama qīng ne, a tsofaffin waƙoƙi baƙin gashin budurwa ma qīng ne. Suna da karin magana da ta samo asali daga malaminsu Xunzi, wanda ya rayu fiye da shekara 2,200 da suka wuce, cewa qīng daga lán ake samunsa amma ya fi lán turuwa, ana faɗinta in almajiri ya zarce malaminsa. 'Yan ajin suka yi ta gunaguni, wai ta yaya kalma ɗaya za ta zama kore da shuɗi da baƙi. Ni ban ce komai ba, don na tuna rigar nan ta manya da muke kira kore, wadda rinin baba ne ya turu aka buge ta har ta koma baƙa mai sheƙi.

Haddar kuwa a titi na yi ta. Ko da yake kusan kowa da waya yake biya, na ajiye takardun kuɗi a aljihu don bita: yuan 100 ja, 50 kore, 20 ruwan ƙasa, 10 shuɗi, 5 shunayya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ma kowane layi da launinsa, na 5 da ke bi ta Xiaobei ja ne, na 1 ruwan ɗorawa, na 2 shuɗi. Danjar kan titi sunanta hónglǜdēng, fitilar ja da kore. A gidan abinci na gano abin da muke kira baƙin shayi su jan shayi suke ce masa, hóngchá, kuma in ka duba kofin da kyau su ne da gaskiya. Koren shayin da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta kuwa lǜchá ne, daga ƙasarsu ake kai mana shi.

Kalmar da na fi ji kafin in san ma'anarta ita ce hēirén, baƙin mutum. Yara ne ke faɗa a jirgi, wani lokaci manya ma. Ba kullum take zuwa da niyya ɗaya ba, kunne yana rarrabewa. Wata rana wani yaro da bai wuce shekara biyar ba ya nuna ni ya faɗa da ƙarfi, uwarsa ta kama hannunsa kunya ta rufe ta. Na ce masa duì, haka ne, sannan na yi masa tambayar darasinmu: nǐ shì shénme yánsè de, kai wane launi ne? Ya juya bayan hannunsa ya duba sosai, ya ɗago ya dubi uwarsa yana neman amsa. Har na sauka bai yanke shawara ba.

Hular kuwa ita ce ta ba ni kunya. Ina da wata koriyar hula mai aikin hannu da nake ji da ita, nakan sa ta ranar Juma'a in za ni masallacin Xianxian, inda ake cewa kabarin sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake. Daga masallaci nakan wuce kasuwa, in ga samarin da ke tura kura suna zungurar juna suna murmushi. Na ɗauka hular ce ta burge su. Ranar da na shiga aji da ita, malama ta jira aka tashi, ta tsayar da ni ta ce, cikin ladabi, a Sin in aka ce mutum ya sa koriyar hula, dài lǜ màozi, ana nufin matarsa tana cin amanarsa. Ta ƙara da cewa huángsè ma in kula da shi, domin ban da ruwan ɗorawa yana nufin batsa in ana maganar fim ko hoto, duk da cewa a da launin sarki ne, shi ya sa rufin fadar sarakuna a Beijing yake ruwan ɗorawa. Fari kuma na makoki ne a al'adarsu ta gargajiya. Ni da nake ƙure adaka da farar shadda ranar Sallah! Hular dai ta koma ƙasan akwati sai da na dawo Kano.

Ja shi ne sarkin launuka a wurinsu. Amarya ja take sawa a bikin gargajiya, kuɗin barka da na sabuwar shekara a jar ambulan ake bayarwa, hóngbāo, a allon kasuwar hannun jari ma farashin da ya tashi ne ake rubutawa da ja, wanda ya faɗi da kore. Mawaƙin da ya yi tashe sai su ce ya yi hóng. Abin da muke kira farin jini ke nan, su nasu jinin ja ne. A baƙar zuciya kuwa mun haɗu, hēixīn suke ce wa mugun ɗan kasuwa.

Bayan wata uku na koma kasuwar yadi ta Zhongda ni kaɗai, ba tafinta. Na nemi shagon da aka yanka mana mayafin nan, na tarar da matar mai shagon tana cin taliya a bayan kanta. Na gaishe ta da lǎobǎnniáng, uwar shago, ta amsa da péngyou, aboki, kamar yadda suke kiran kowannenmu. Na ce ina son ganin sèkǎ, katin launuka. Ta ajiye tsinken cin abincinta ta dube ni, sannan ta janyo wani littafi mai kauri, kowane shafi da 'yan ƙyallaye a jere, kowanne da lambarsa.

Jajayen kaɗai sun kai shafi biyu. Na nuna wanda aka tura mana Kano, ta ce dàhóng, babban ja. Da guntun Sinancina da taimakon hannu na ba ta labarin Hajiya. Ta dafe ƙirji ta ce ta tuna, ai tafinta ya ce mata ja mai duhu, amma ya ƙara da cewa na biki ne, ita kuwa ta ga wa zai kai wa amarya jan da ya mutu? Sai ta zaɓa mana mafi kyawun jan biki da take da shi. Gata ta yi mana.

Na fara bin shafin da yatsa ina amfani da kalmomi biyun da suka fi duk sauran amfani a kasuwa, shēn da qiǎn. Ma'anarsu ta asali zurfi da rashin zurfi, kuma dukansu suna da ɗigon ruwa uku a gefen harafinsu. Mu mun ce launi ruwa ne, su kuma suna auna zurfinsa. Shēn yìdiǎn, a ƙara cizawa kaɗan. Tài shēn le, ya yi duhu da yawa. Qiǎn yìdiǎn, a ɗan sassauta. A ƙyalle na bakwai ko na takwas na tsaya, ga ruwan hanta sak. Na tambaye ta sunansa. Ta ce zhūgānsè.

Gān na san shi, hanta ne, har na fara murna mun sake haɗuwa da su a kalma ɗaya. Sai zhū ɗin ya faɗo min. Alade. Launin hantar alade. Na ce mata ba wani sunan? Ta nuna na kusa da shi ta ce jiǔhóng, jan giya. Na ce wannan ma ba zai shiga kunnen kawuna ba. Ta yi dariya har da tari, ta sauko layi ɗaya ta ce zǎohóng, jan zǎo, wani busasshen ɗan itace da suke sawa a shayi da miya, ɗan'uwan magaryarmu ne amma ya fi ta girma. Bambancinsu da na farkon sai mai ido. Na ce shi za a rubuta a rasit.

Sannan na yi tambayoyin da suka rage a littafina. Huì diàosè ma, yana zuba? Ta ce a'a, ta tsoma ƙyallen a kofin ruwan zafi ta matse a farar takarda don in gani. Na ce kada a samu sèchā, wato bandir ɗaya ya saɓa wa ɗan'uwansa a launi, abin da ke ɓata anko ke nan. Na rubuta lambar launin, na sa ta yanko min ƙyalle biyu, ɗaya a aljihuna, ɗaya na ba wani mai komawa Kano ya kai wa kawu hannu da hannu. Hoton waya na daina yarda da shi.

Har na miƙe sai na tuna kawu ya ce in duba masa ruwan goro. Na gwada chéngsè, ta nuna min, ya yi haske da yawa, lemo ne zalla. Na gwada ja mai sassauci, ba shi ba ne. Akwai ɓarin goro a aljihuna da wani baƙo ya kawo min tsaraba, sai na ɓantara na tauna, tana kallona, na dangwala a gefen farar takardar nan. Muka jira ya ɗan sha iska. Ta ɗaga takardar kusa da fitila, ta buɗe wani shafin, ta kara ta da ƙyalle ɗaya, ta kara da na biyu.

"Zhuānhóng," in ji ta. Jan bulo. Ta miƙo hannu in ba ta sauran goron ta ɗanɗana, ta gatsa, ta yamutsa fuska, ta tambaye ni mita nawa za a yanka.